Yadda Ake Kallon Zanen da Ya Yi Kama da Mafarki

Wata rana a Samaru, lokacin da ɗaliban sashen zane-zane na Jami'ar Ahmadu Bello suka baje ayyukansu na kammala karatu, na tsaya a bayan wani dattijo da ya zo ganin aikin ɗan ƙaninsa. Zanen wani zaure ne irin na cikin birni, da dakali da zanko da komai, amma ƙofarsa ta buɗe ne a kan ruwa mai faɗi maimakon tsakar gida, ga wata akuya tsaye a saman ruwan ba ta nutse ba, ga kuma inuwar mace a jikin bango alhali babu macen. Dattijon ya gyara zaman hularsa ya ce, "Kai yaro, wannan gida ne ko kogi?" Yaron ya rusuna ya ce, "Baba, kai me ka gani?" Sai dattijon ya yi dariya ya ce shi da ya zo a yi masa bayani ga shi an mayar masa da tambaya, ya sa masa albarka ya wuce. Duka tsayuwarsa ba ta kai minti ɗaya ba.

Ban ga laifinsa ba, domin haka mafi yawanmu muke yi idan muka haɗu da zanen da ya ƙi faɗin abin da yake nufi. Mun saba da hoton da ake ganewa da kallo ɗaya, irin na kalanda da na allon talla, saboda haka idan ido ya nemi amsa bai samu nan take ba sai ƙafa ta ɗauke mu. Amma kallon irin wannan zane abu ne da ake koyo kamar yadda ake koyon sauraron waƙar da ke da zurfin azanci, kuma matakansa ba su da wuya ga wanda ya yarda ya ba da lokacinsa.

Yana da amfani mai kallo ya san cewa masu zanen da gangan suke yin haka. A shekarar 1924 wani marubuci Bafaranshe, André Breton, ya fitar da sanarwar wata tafiya a birnin Paris wadda ake kira suriyalizim, wato neman abin da ya zarce zahiri, inda mawaƙa da masu zane suka ɗauki mafarki da tunanin da ke zuwa wa mutum ba da izininsa ba a matsayin kayan aiki. Zariya ma tana da nata tarihin a wannan fage na ƙin kwafar zahiri kamar yadda aka koyar. A 1958 wasu ɗaliban kwalejin da daga baya ta zama Jami'ar Ahmadu Bello, cikinsu har da Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya, suna neman a haɗa dabarun da Turawa suka kawo da siffofin gargajiya na gida. Ba 'yan suriyalizim ba ne, amma ƙofar da suka buɗe ta shigo da tatsuniya da almara da alamomin gargajiya cikin zanen zamani na Nijeriya, kuma ɗaliban da ke Samaru a yau suna cin gajiyarta.

Abu na farko shi ne tsayuwa. Wani bincike da aka yi a babban gidan adana zane-zane na Metropolitan da ke New York, wanda aka wallafa a 2001, ya nuna cewa masu ziyara kan tsaya daƙiƙa 27 ne kacal a gaban zane idan aka yi matsakaicin lissafi, kuma a gaban fitattun ayyuka ke nan. Zanen da aka gina a kan ruɗani ba ya buɗuwa a cikin wannan ɗan lokaci. Ka zaɓi zane ɗaya ko biyu a cikin ɗakin, ka bar sauran, ka ɗaura niyyar ba kowanne minti goma. Wata malamar tarihin zane a Jami'ar Harvard, Jennifer Roberts, takan sa ɗalibanta su zauna sa'o'i uku a gaban aiki guda kafin su rubuta komai a kansa. Ni ban nemi haka daga gare ka ba, domin minti goma ma za ka ji sun yi tsawo tun daga na uku. Ka sa waya a aljihu, kuma kada ka karanta 'yar takardar da aka manna a gefe tukuna, saboda da zarar ka karanta sunan zane, idonka zai daina nema ya koma tabbatar da abin da aka faɗa masa. Ka fara daga nesa, kamar taku biyar ko shida, inda za ka ga tsarin gaba ɗaya da yadda launuka suka rabu, sannan ka matso har ka ga sawun buroshi da kaurin fenti, sannan ka koma baya. Akwai zanen da fuska ce daga nesa amma daga kusa tarin ɗigo ne, kuma wanda ya tsaya wuri ɗaya rabin aikin kawai ya gani.

Abu na biyu, kuma a nan ne mutane suka fi yin gaggawa, shi ne ka lissafa abin da ke cikin zanen kafin ka nemi ma'anarsa. Ka faɗa a zuciyarka, ko ka rubuta a takarda idan kana da ita, sunayen abubuwa kawai: ƙofa, ruwa, akuya, igiya, inuwa. Dalilin wannan yana cikin halittar ido. Wurin da ido ke gani tar-tar ƙarami ne ƙwarai, bai wuce faɗin farcen babban yatsanka ba idan ka miƙe hannu, kuma ido yana tsalle ne daga wuri zuwa wuri kamar sau uku a kowace daƙiƙa, ƙwaƙwalwa tana cike gurbin da ya rage da abin da ta saba gani. Wato mafi yawan abin da kake zaton ka gani a kallon farko zato ne. Wani masani ɗan Rasha, Alfred Yarbus, ya nuna a shekarun 1960 cewa idan aka ba mutum zane guda aka yi masa tambayoyi daban-daban, misali a ce ya ƙiyasta shekarun mutanen ciki ko ya tuna irin tufafinsu, hanyar da idonsa ke bi a kan zanen takan canza da kowace tambaya. Wanda ya zo da tambayar "me wannan yake nufi" idonsa zai yi ta yawo ne babu masauki, amma wanda ya zo da "mene ne a wannan kusurwar" zai sauka a kan wani abu.

Mu gwada da zanen da ya fi shahara a wannan fanni, wanda Salvador Dali ɗan ƙasar Sifaniya ya yi a 1931, wanda kowa zai iya nemowa a intanet idan ya rubuta sunan mai zanen. Kowa yana tuna agogunan da suka narke. Amma idan ka lissafa za ka ga agoguna uku ne suka yi laushi, ɗaya a rataye a reshen busasshiyar bishiya, ɗaya yana zubowa daga gefen wani abu mai kama da tebur, ɗaya kuma a shimfiɗe a kan wata halitta mai dogon gashin ido wadda ba a iya cewa fuska ce ko dabba. Na huɗu yana nan da ƙarfinsa a rufe, tururuwa sun lulluɓe shi. Can nesa akwai duwatsun bakin teku a cikin haske, an zana su daidai kamar hoto, babu abin da ya narke a jikinsu. Wanda bai lissafa ba zai tafi da cewa komai ya narke, alhali ƙarfin zanen yana cikin cewa wasu abubuwan sun narke wasu sun ƙi.

Wannan ya kawo mu ga mataki na uku, wanda a ganina shi ne zuciyar aikin: ka nemo daidai wurin da lissafi ya ɓaci. Mafarki ba ya zuwa da komai a birkice. Yakan zo ne da gidanku sak, da tabarmar da ka sani da randar da ka sani, sai abu ɗaya ya sauya, misali ka buɗe ƙofar ɗaki ka tarar da kasuwa, kuma a cikin barcin ba ka yi mamaki ba. Gwanayen wannan zane haka suke yi, suna gina maka duniyar da ka yarda da ita sannan su zare ginshiƙi guda. Hanyar gano ginshiƙin ita ce ka binciki abubuwan da ba ka saba tuhuma ba. Ka duba daga ina haske ya fito, ka ga ko inuwoyi duka sun faɗi ɓangare ɗaya, da ko kowace inuwa tana da mai ita. Ka gwada girman abubuwa da juna, ko tsuntsu ya fi ɗakin da yake ciki. Ka lura da nauyi, wato abin da ya kamata ya faɗo amma yana shawagi. Ka leƙa ta kowace ƙofa da taga da madubi ka ga ko abin da ke bayansu ya dace da inda suke. Sannan ka tambayi kanka ƙarfe nawa ne a cikin zanen, domin lokaci ma ana iya karya shi.

René Magritte na ƙasar Beljiyam ya yi jerin zane-zane da suka tsaya a kan wannan tambaya ta ƙarshe. A cikinsu akwai gida a bakin titi cikin duhun dare, fitilar titi a kunne, tagogi suna haske, amma sararin sama na tsakar rana ne, shuɗi da fararen gizagizai. Mutane da yawa sukan ji wani abu ya dame su a zanen kafin su gane ko mene ne, domin kowane rabi daidai yake idan aka rufe ɗayan da hannu. Ka yi hakan da kanka: ka sa tafin hannu ka tare saman zane, sannan ka tare ƙasansa, ka ga inda saɓanin yake. Shi ne kuma ya zana lofe a 1929 ya rubuta a ƙarƙashinsa da Faransanci cewa wannan ba lofe ba ne, kuma gaskiyarsa, tunda babu mai iya ɗura masa taba. Idan ka gano wurin da lissafi ya ɓaci, kada ka yi saurin gyara shi a ranka da cewa ai kuskure ne ko ai wasa ne. Ka tsaya a wurin, domin nan mai zanen yake so ka tsaya.

Akwai wani nau'in ruɗani dabam, inda siffa guda take ɗauke da abu biyu. Tsohon misali shi ne wani ƙaramin zane da ya fito a wata mujallar Jamus a 1892, wanda kan agwagwa ne idan ka ɗauki dogayen abubuwan nan biyu a matsayin baki, kan zomo ne kuma idan ka ɗauke su kunnuwa. Wani masani ɗan Denmak, Edgar Rubin, ya yi amfani da hoton tulu wanda gefunansa biyu fuskoki ne da ke kallon juna. Abin lura shi ne ba za ka iya ganin biyun a lokaci guda ba. Ido yana juyawa ne daga wannan zuwa wancan, kuma da ɗan horo za ka iya juya shi da kanka. Dabarar ita ce ka mai da hankali kan filin da ke tsakanin abubuwa maimakon abubuwan, ka ɗauki bango a matsayin siffa, siffa kuma a matsayin bango. Ɗan Zariya bai kamata ya sha wuya a nan ba, domin idonsa ya girma ne a kan dagi da aska takwas da zanen hula da adon bangon gidajen cikin birni, inda layi ɗaya yake shiga ta ƙarƙashin wani ya fito ta sama, ba a sanin farkonsa ko ƙarshensa. Wanda ya taɓa ɗaga kai ya bi bakan gizon tsohon Masallacin Juma'a da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19 ya riga ya san daɗin siffar da ba hoton komai ba ce.

Wani lokaci kuma zanen ba ya da ko siffa, sai kwararar launi. Marigayi Gani Odutokun, wanda ya koyar da zane a Samaru har zuwa rasuwarsa a haɗarin mota a 1995, ya shahara da tsinka fenti ya bar shi ya gudana a kan ƙyalle, sannan ya bi abin da tsautsayin kwararar ya haifar ya ba shi tsari. A gaban irin wannan aiki ƙwaƙwalwarka za ta fara ƙirƙiro fuskoki da dawakai da taron mutane, kamar yadda yara kan gani a jikin katangar ƙasa bayan damina ta zubar da ruwa a kanta, ko a Dutsen Kufena idan hazo ya rufe rabinsa. Leonardo da Vinci, shahararren mai zane na ƙasar Italiya, da kansa ya shawarci masu koyon zane su riƙa kallon tabon bango don su ga duwatsu da koguna da yaƙe-yaƙe a ciki. Ka bar waɗannan siffofi su zo su wuce, amma ka riƙa bambanta wanda mai zanen ya taɓa da buroshi ya ƙarfafa da wanda kai ka kawo daga gida. Matsowa kusa ne ke raba wannan gardama, domin sawun hannu ba ya ɓuya.

Sai bayan duk wannan ne za ka juyo kan kanka ka tambayi abin da zanen ya tayar maka. Ka nemi kalma takamaimai: kewa ce, ko fargaba irin ta wanda ya farka da la'asar sakaliya bai san ko safiya ba ce, ko dariya, ko kunya, ko natsuwa. Sannan ka nemo abin da ya jawo ta a jikin zanen. A nan al'adarmu ta fassarar mafarki tana da abin koyarwa. Ana ba da labari cewa mutum biyu sun je wa Ibn Sirin da mafarki iri ɗaya, kowanne ya ga yana kiran salla, sai ya yi wa ɗaya albishir da aikin hajji, ɗayan kuma ya fassara masa da sata, saboda ya dubi halin kowannensu ya kuma jingina kowace fassara da aya. Darussa biyu ne a ciki ga mai kallon zane. Na farko, abu guda yana iya ba mutum biyu ma'ana biyu ba tare da ɗayansu ya yi ƙarya ba. Ruwan da ke bayan ƙofar zauren nan ni'ima ne ga manomin da ya jira damina, amma ga wanda ambaliya ta taɓa rushe wa ɗaki wani abu ne daban. Na biyu, fassara tana bukatar madogara. Idan ka ce zanen yana magana a kan maraici, sai ka iya nuna mana da yatsa inda ka gan shi, a inuwar da ba ta da mai ita ko a dakalin da babu kowa a kai. Ban yarda da masu cewa kowace fassara daidai ce ba, domin wadda ba ta taɓa jikin zanen ba labarin mai kallo ne kawai.

A nan ne kuma za ka iya yanke hukunci, domin ba duk zane mai ruɗani ne yake da kyau ba. Akwai wanda aka jibga masa ido a tafin hannu da kifi a sama da agogo da ƙoƙon kai, duk a wuri ɗaya, don a burge. Irin wannan yakan ƙare a minti biyu, kamar sambatun mai zazzaɓi. Akwai kuma wanda rashin iya zana hannu ko ƙafa ne ya sa aka lulluɓe su da hayaƙi. Ma'aunin da nake amfani da shi shi ne ko a minti na takwas ina ci gaba da ganin sabon abu, kuma ko sabon abin yana sauya yadda na fahimci na farko.

Yanzu ka karanta sunan zanen da shekararsa da kayan da aka yi shi da su. Wani suna zai buɗe maka ƙofa, wani zai ƙara rufe ta da gangan, wani kuma cewa zai yi babu suna. Idan mai zanen yana kusa, kamar yadda yakan kasance a baje kolin ɗalibai, kada ka ce ya faɗa maka ma'ana, domin ko dai ya ji kunya ya yi shiru ko ya karanto maka abin da ya haddace don malamansa. Ka tambaye shi da me ya fara, me ya goge, me ya sa a ƙarshe, da kuma dalilin da ya sa ya zaɓi wannan launi a wannan wuri. Amsarsa shaida ce mai nauyi amma ba ita ce ta ƙarshe ba. Dali ya ce cukun da ya gani yana narkewa ne ya kawo masa tunanin agogunan, kuma sanin haka bai rage wa kowa abin da yake ji a gabansu ba.

Mafi yawan zanen ƙasashen waje a waya za mu gan su, saboda haka a kula da abu ɗaya: waya tana mayar da komai girma ɗaya. Ka nemi awon zanen ka kwatanta shi da wani abu a ɗakinka. Na Dali da aka ambata santimita 24 ne a 33, wato bai fi takardar rubutu girma da yawa ba, kuma mutane kan zaci ya cika bango. Ka ƙara hasken allon, ka buɗa hoton da yatsu ka bi shi kusurwa-kusurwa, kuma ka rufe sauran manhajoji na tsawon mintocin nan goma.

Idan da hali, ka koma karo na biyu a wata rana da wani lokaci na yini, domin hasken safe da na yamma ba sa nuna fenti iri ɗaya, kai ma ba da zuciya ɗaya kake zuwa ba. Na koma wa zauren nan bayan kwana biyu da hantsi, ɗakin babu kowa sai mai shara. A karon farko na lissafa igiya a wuyan akuyar na wuce ban bi ta ba. Da na bi ta da ido a wannan karo, sai na ga ta ratsa saman ruwan, ta haura dokin ƙofa, ta hau bango, ta ƙare a hannun inuwar macen.